A Bar Yaro Ya Yi Kukansa

Da zarar ɗalibi ya faɗi jarrabawar WAEC, sai mu yi caa a kansa: "Saki ranka, yi murmushi." A ganina wannan ba magani ba ne. A 1993 wasu masana biyu a Amurka, Gross da Levenson, sun nuna wa mutane fim mai tayar da ƙyama, suka umarci wasunsu su ɓoye abin da suke ji. Fuskokinsu sun lafa, amma ƙyamar tana nan, gumin fatarsu ma ya ƙaru, alamar jiki yana wahala. Haƙurin da iyayenmu suka koya mana bai taɓa hana hawaye ba. Malam, ƙyale yaron ya huce tukuna, sannan ku zauna ku duba darussan da suka kayar da shi.