AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa na Masama, da na sauran ƙasar Gwandu da Kalgo, yau maganarmu a kan wasan nan ne na talabijin da waya wanda ake kira gem. Sau da yawa idan yaro ya ɓaci, ko ya sa hannu cikin kuɗin cinikin ubansa, sai ka ji an ce gem ne ya lalata shi, a rufe shagunan kowa ya huta. Mu dai ba mu yarda da wannan hukunci ba, ga kuwa dalilinmu.

Wasan nan ba baƙo ba ne. Da shi muka tashi, ga shi yau waɗansunmu har da furfura. Kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fid da na'urarsa Famicom a 1983, Super Mario ya biyo baya a 1985. Abin da ya iso hannunmu kwaikwayonta ne mai araha, da 'yan kaset-kaset nata, a haɗa da talabijin a yi ta tsallaken rami da harbin agwagi. Daga nan sai Sega, wadda a kanta muka san wasan faɗa irin su Mortal Kombat. Kamfanin Sony ya kawo PlayStation a 1994, ta biyu kuma a 2000, kaset ya ba faifai wuri. Da wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, har mai tireda ya koyi kiwon macijin Nokia yana jiran mai saye.

Kowa da abin da ya fi so. Wani faɗa, wani tseren mota, wani yaƙi. Mu ƙwallon ƙafa ne namu, domin mutum biyu ke zama a benci ɗaya, ɗan attajiri da ɗan mai tura baro, wanda ya fi iyawa shi ke ci, ba a tambayar ɗan wane ne.

Ku dubi dara mana. Iyayenmu sun yi ta a gindin itace tun suna samari har tsufa, gurbi talatin, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu, ba wanda ya ce a kore su. Amma ran da aka aje kuɗi a gefen gurbi, dara ta tashi daga wasa ta koma caca. To, haka gem yake.

Jakin da aka bari shi ne caca. Yau akwai shaguna da wayoyi inda ake nuna ƙwallon kwamfuta mai kama da gem, a gama cikin 'yan mintoci. Wanda bai sani ba sai ya ce duk ɗaya ne. Ina! Mai gem ya biya kuɗin haya sananne, hannunsa ke buga wasan, ya tashi ya san abin da ya kashe. Mai caca kuwa ya zuba kuɗi ya naɗe hannu, na'ura ce ke yanke masa hukunci, in an cinye shi ya koma neman ramuwa. Nan ne jarin albasa da kuɗin taki ke nutsewa. A watan Nuwamba na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ikon tsara sha'anin caca yana hannun jihohi. Saboda haka gwamnatin Kebbi ba ta da wanda za ta jira.

Ba mu ce gem ba shi da aibi ba. Ko zuma in ta yi yawa ta kan gundura. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wuce gona da iri a wasan nan cikin jerin cututtuka, watau idan mutum ya kasa tsayawa har ya watsar da aikinsa da karatunsa. Maganin wannan ƙa'ida ce da sa ido.

Don haka muna kira ga masu shaguna: kada ku karɓi yaro a lokacin makarantar boko ko ta allo, ku kashe talabijin in an kira salla, ku rufe kafin dare ya yi nisa, kuma duk wanda ya aje kuɗi a kan wasa ku nuna masa ƙofa. Ku kuma iyaye, ku leƙa ku ga abin da 'ya'yanku ke bugawa, ku yanka musu lokaci, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga hukuma kuwa muna cewa, mai shagon gem ɗan kasuwa ne kamar kowa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, da kyar yake mayar da kuɗin man janareta. In kun rufe shi, kun kashe masa sana'a, yaran kuma su koma lungu da waya, inda caca ke jiransu babu mai gani. Wa ya ci riba ke nan?

A sa wa wasa doka, a yaƙi caca. Allah ya ganar da mu, amin.