Kiɗan Yaran Unguwa: Mu Saurara Tukuna Kafin Mu Yanke Hukunci

Daga Miskine, Bangui

 Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da yawancinmu muke ɗauka wasan yara ne, wato irin kiɗan nan da samarinmu suke harhaɗawa a cikin ɗakunansu, wani da wayar salula, wani da tsohuwar kwamfuta, wani kuma da bokiti da gwangwani da wayar birkin keke. Ra'ayina dai shi ne, saurin yanke hukuncin da muke yi wa wannan kiɗa babu adalci a cikinsa, kuma asara ce gare mu baki ɗaya, domin tarihi ya sha nuna cewa abin da kunne ya ƙi yau shi ne gobe ake rububinsa a kasuwa.

Mu da muke aikin rediyo mun san yadda abin yake. Da zarar an saka irin wannan kiɗa a iska, masu sauraro sukan kasu gida uku. Akwai masu dariya, waɗanda za su bugo waya su tambaya ko janaretanmu ne ya lalace. Akwai masu fushi, waɗanda za su ce a cire shi maza domin lalata tarbiyya ne, alhali ko baiti ɗaya ba su tsaya sun ji ba. Sai kashi na uku, masu shiru. Su ba sa bugo waya, amma washegari sai ka gan su a rumfar mai tura waƙoƙi suna neman a saka musu abin nan da aka sa jiya a memori. To da yake masu dariya da masu fushi su ne ake jin muryarsu, sai mai gabatar da shiri ya zaci duk gari ne ba ya so, sai ya daina sakawa, shi kuma yaron da ya kwana yana haɗa abinsa sai gwiwarsa ta yi sanyi.

Abin tambaya shi ne, me ya sa kunne yake ƙin sabon sauti? Amsar ita ce sabo. Kunne tamkar harshe yake. Duk wanda ya taso a Kano ko Maraɗi ya zo Bangui zai tuna ranar da aka fara ajiye masa gozo da miyar ganyen koko, yadda ya yatsine fuska, amma yanzu in ya kwana biyu bai ci ba sai ya nema. Haka kiɗa yake. Jin farko, kunne yana neman abin da ya saba da shi ne, in bai samu ba sai ya ce hayaniya ce. Sai a ji na biyu ko na uku ne mutum zai iya bambance ko akwai tsari a cikin abin ko babu.

Bari mu fara da namu na gida. Marigayi Dokta Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda Allah Ya yi wa rasuwa a shekarar 2015, da me ya yi suna? Da kuntigi, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, wanda akan yi ƙoƙonsa da gwangwanin kifi a rufe shi da fata. Da wannan ɗan gwangwanin ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa talakawa, har ya kai ga manyan zaurukan ƙasashen waje. Marigayiya Barmani Coge kuwa ƙwarya ce aka kife a kan ruwa, irin wadda take cikin kowane madafi. Wa zai ce yau waɗannan ba makaɗa ba ne saboda kayan aikinsu na gida ne?

Haka kuma a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da samarin Kano suka fara haɗa waƙoƙin fim da fiyano ƙirar Yamaha, babu irin sunan da ba a kira abin ba. Aka ce nanaye ne, aka ce kwaikwayon Indiya ne, aka ce zai kashe kalangu da kotso. Fim ɗin Sangaya na 1999 ya fito, waƙarsa ta cika gari har ƙetaren iyaka. Bayan 'yan shekaru sai ga masu bege suna amfani da fiyanon, 'yan siyasa ma ba sa fita kamfe sai da shi. A ƙarshen 2018 Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi na Biyu, ya naɗa Naziru M. Ahmad Sarkin Waƙa, alhali a wannan layi na fiyano ya taso. Abin da aka kora daga zaure ga shi ya shiga fada. Hausawa dai sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

A Jamhuriyar Nijar akwai Mamman Sani, wanda tun ƙarshen shekarun 1970 ya riƙa kaɗa salon gargajiya da na'urar ogan mai aiki da lantarki. Shekara da shekaru rediyo da talabijin na ƙasar suna saka kiɗansa tsakanin shirye-shirye, mutane suna ji ba tare da sun damu da sanin mai shi ba, sai a 2013 wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya sake fitar da aikin, duniya ta san da zamansa. Sai kuma Mdou Moctar, Ba'abzinen da ya ƙera jitarsa ta farko da hannunsa da wayar birkin keke. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008, da irin na'urar gyaran muryar da mawaƙan fim ɗin Hausa suke amfani da ita. Ba kamfani ne ya yaɗa wannan faifai ba. Daga waya zuwa waya ya bi, ta bulutut da memori, a aljihun matafiya da direbobi da fatake irinku, har ya kai shi ga yin wasa a Turai da Amurka.

Idan muka gangara kogin Ubangi zuwa Kinshasa, nan ma labarin ɗaya ne. Wani direban babbar mota mai suna Mawangu Mingiedi ya kafa ƙungiyar Konono N°1 a shekarun 1960. Hayaniyar birni tana danne sautin likembensa, sai ya kwance maganaɗisu daga tsofaffin kayan mota ya haɗa abin ƙara sauti da kansa. Sautin yana fita da ƙara da ƙuwwa, irin wanda injiniya zai ce ɓaci ne, amma wannan ƙarar ce Turawa suka yi ta yabo bayan fitowar faifansu Congotronics a 2004.

Misalin da ya fi ba ni takaici shi ne na wannan ƙasa tamu. A 1973 shahararren makaɗin Amurka Herbie Hancock ya fitar da faifan Head Hunters, wanda ya yi kasuwa ƙwarai. A farkon ɗaya daga cikin kiɗe-kiɗen, makaɗinsa Bill Summers kwalba yake busawa, yana kwaikwayon busar Ba-Benzele, mutanen dajin Afirka ta Tsakiya, wadda ya ji a wani faifai da masu bincike suka ɗauka. Ashe kwalbar da yaron unguwa zai busa mu ce ya tashi ya ba mu wuri, wani ya busa ta ya ci abinci da ita shekara da shekaru. Me ya sa sai baƙo ya yaba abinmu sannan mu ga darajarsa?

Na san wani zai ce, to malam, kana nufin duk abin da yaro ya buga mu tafa masa? A'a, ko kusa. Da yawa daga cikin abin da ake kawo mana bai nuna ba, wani ma kwafe ne kawai na abin da aka ji a intanet. Sannan dattawan da suke tsoro suna da hujjarsu. Mu da muka ga abin da ya faru a garin nan daga watan Disamba na 2013, lokacin da aka ƙona shaguna, dubban 'yan uwanmu suka tsere zuwa Cadi da Kamaru, mun san abin da mugun harshe yake haifarwa. Waƙar da take zagin wata ƙabila ko wani addini, ko take zuga yara su ɗauki makami, ko take cike da batsa, a hana ta ko da kuwa da kayan kiɗa mafi tsada aka yi ta. Wanda kuma ya ƙure lasifika a bakin masallaci lokacin salla, ko tsakar dare maƙwabta suna barci, a tsawata masa. Amma wannan hukunci ne a kan magana da ladabi. Baƙuntar sauti ba laifi ba ce, kuma bai kamata mu haɗa su a kwando ɗaya ba.

Mu kuma duba halin da yaran suke ciki. Yawancinsu a cikin rikici suka girma, karatunsu ya katse, aikin yi ya yi ƙaranci. Saurayin da ya zaɓi ya zauna a ɗaki yana haɗa sauti da gwangwani, ai ya bar wasu hanyoyin da duk mun san inda suke ƙarewa. Idan abin da zai samu daga gare mu dariya ce kawai, to akwai masu jiransa a bakin hanya da abin da ya fi gwangwani nauyi.

Shi ya sa nake roƙonku, 'yan kasuwa, domin ku ne hanyar. Daga Bangui zuwa Garwa-Bulai tafiyar kusan kilomita 600 ce, kuma abin da direba ya saka a motarsa shi fasinja za su ji, shi kuma za su nema in sun sauka. Kun fi kowa sanin cewa sabon kaya ba ya karɓuwa rana ɗaya, sai an yi haƙuri da shi a kan tebur. In yaro ya kawo muku abinsa, ku ji shi sau uku kafin ku ce komai. In za ku kushe, ku faɗi abin da bai yi ba: murya ce ta nutse a cikin kiɗa, ko maganar ce ba ta da ma'ana, ko tsawon ne ya yi yawa. Wannan gyara ne, yaro zai koma ya yi aiki a kai. Amma “wannan shirme ne” ba ta koya wa kowa komai.

Ku kuma masu tura waƙoƙi a memori, ku ji tsoron Allah ku riƙa rubuta sunan mai waƙar a jikinta, kada ta yi yawo har Yawunde ba a san mai ita ba. In kun samu ciniki da ita, ku ba shi ko da dala ashirin ce, domin guminsa ne. Masu biki da suna su ma su riƙa ba yaran unguwa ɗan lokaci a fili, ba kullum sai na waje ba. Mu ma'aikatan rediyo kuma wajibinmu ne mu ware musu lokaci a mako, mu bar masu sauraro su yi muhawara, kada kiran mutum biyu masu fushi ya rufe bakin sauran jama'a.

Ba na cewa kowane yaro a Miskine zai zama Ɗanmaraya. Wataƙila a cikin ɗari ɗaya ne zai kai labari, amma ba za mu gane wane ne ba in mun kore su duka tun daga bakin ƙofa. Kowa ya raina gajere bai taka kunama ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya mai ɗorewa, Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.

Marubucin ma'aikacin gidan rediyon al'umma ne a birnin Bangui.