Waye Amirin Tafiyarku?



Godiya ta tabbata ga Allah (SWT) da Ya shimfiɗa ƙasa, Ya kafa duwatsu, Ya gudanar da ƙoramu, sannan Ya ba mu ido da hankali domin mu duba mu gane. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan uwana matasa, yau ina so mu tattauna a kan wata al'ada da ta yi ƙarfi a tsakaninmu, wato fitar yini guda da abokai. Da an sauko daga Idi, ko an gama jarrabawa, sai a yi karo-karo, a ɗauki shatar mota, a cika kuloli da abinci, a nufi Tiga ko Dutsen Kufena ko Rijiyar Kusugu ko Gurara, a dawo bayan magariba da ɗaruruwan hotuna. Ƙorafina a kan wannan fita guda ɗaya ne. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umurci mutum uku, idan suka fita tafiya, su naɗa ɗayansu shugaba. To, mu ma muna da amiri a kowace fita, sai dai amirin namu wayar hannu ce. Ita ke zaɓar inda za a je, da kayan da za a sa, da abin da za a ci, da lokacin da za a yi sallah, in har an yi ta.

Kafin in shiga maganar, bari in rabu da masu cewa fitar kanta ɓata lokaci ce ko koyi da Turawa. Wannan magana ba ta da tushe. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 20 ta Suratul Ankabut, ya umurce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fari halitta, a aya ta 42 ta Suratur Rum kuma ya umurce mu da mu duba yadda ƙarshen mutanen da suka gabace mu ya kasance. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) yakan je Ƙuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa. Ibn Battuta ya bar garinsu Tanja a 1325, ya zaga duniya, har a 1353 ya ratsa Takedda da ke ƙasar Nijar ta yau, kuma abin da ya gani ya ba da labari masu tarihi suna cin moriyarsa har gobe. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta mana littafi sukutum a kan abin da idonsa ya gane masa. Kakanninmu ba su yi kuskure ba da suka ce tafiya mabuɗin ilimi. Tambayar ita ce: mu da muke fita yau, wace ƙofa mabuɗin namu ya buɗe?

Abu na farko da wannan amiri ya ƙwace mana shi ne ido. A hau Dutsen Dala a ga abin mamaki. Mutum goma za su hau suna haki, da sun isa sama sai kowa ya juya wa birnin baya ya ɗaga waya, domin fuskarsa ce abin ɗauka, Kano kuwa labule ce kawai da aka rataya a bayansa. Alhali a kan dutsen nan ne tarihin Kano ya ce Barbushe ya yi wa Tsumburbura hidima, mutane suna taruwa a gindinsa suna jiran abin da zai faɗa musu, har Allah Ya kawo Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, hasken Musulunci ya kama garin. Musulmin da ya tsaya a nan ya jiyo kiran sallah yana tashi daga kowace kusurwa, ashe bai kamata ƙirjinsa ya cika da godiya ba? Daga nan ake hango abin da ya saura na badalar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa kusan shekara ɗari tara da suka wuce, wadda yau ruwan sama da hannun mutane suke cinye ta a gaban idonmu. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Mu namu ya zarce haka: muna kan Dala, ko birnin ba mu hango ba.

Haka abin yake a Tiga. Tambayi waɗanda suka yini a bakin ruwan ko sun san an gina madatsar ne a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala ta a 1974, da cewa ruwanta ne ke shayar da gonakin rani na Kadawa da Kura, inda shinkafa da tumatirin da ke cikin kularsu ƙila suka fito. Tambaye su ko sun san cewa tare ruwan nan ya rage malalar da fadamun Haɗeja da Nguru suke rayuwa a kanta, wato ni'imar wani ta zama jarrabawar wani. Mai zuwa Yankari daga Bauchi zai shiga ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke tsaye a kusan digiri 31 dare da rana, rani da damina, ya fito bai ce Subhanallah ko sau ɗaya ba, amma ya sake tsayuwa sau ashirin domin hoton bai fito da kyau ba.

Abu na biyu shi ne ladabin wuri. Lokacin da Manzon Allah (SAW) ya ratsa ta Hijr, kufan Samudawa, a kan hanyarsa ta zuwa Tabuka a shekara ta tara bayan Hijira, ya hana sahabbai shiga gidajen mutanen da aka halaka sai in suna kuka, ya lulluɓe kansa, ya gaggauta wucewa. Darasin shi ne kowane wuri yana da halin da ya dace a shige shi da shi. An sunnanta mana ziyarar kaburbura ne domin mu tuna lahira. Amma yau sai ka ga samari sun je Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817 bayan ya ƙarar da rayuwarsa wajen gyaran al'umma, suna jeruwa suna washe baki kamar a wurin kamun amarya. Wayar ba ta san bambancin hubbare da wurin shan iska ba. Ita haske kawai take nema.

Abu na uku shi ne abinci, kuma a nan ne zumunci yake ciwo. Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyyawa saboda idan guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ke hannun kowa wuri guda su raba daidai wa daida, har ya ce su nasa ne shi ma nasu ne. Wannan shi ne asalin karo-karo mai albarka: mai ɗan kaɗan ya ɓuya a cikin mai yawa, ba wanda ya ji kunya. Namu karo-karon fa? Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, har lita ta haura naira 1,000 a 2024, kuɗin shata ya ninka, amma maimakon a sassauta sai aka ƙara da ɗinkin anko, da odar abincin da za a jera domin ya yi kyau a hoto. Abokin da mahaifinsa ke fama da kuɗin makaranta yana da zaɓi biyu: ya ci bashi, ko ya ƙirƙiro uzurin ƙarya ya zauna a gida, da dare ya buɗe WhatsApp ya ga an yi ba shi. Sannan abincin da aka sha wahalar jerawa, sai ya huce ana ɗaukarsa hoto, a ci rabi a zubar da rabi, alhali aya ta 31 ta Suratul A'araf ta halatta mana ci da sha ta hana mu almubazzaranci. Gurasa da ƙuli, ko fura da nono a ƙarƙashin inuwar da ta ɗauki kowa, sun fi tiren kaji da ya bar ɗan uwa a gida.

Abu na huɗu shi ne haƙƙin mutanen wurin. Duk inda muka je yawon buɗe ido, garin wasu ne. Bafulatanar da ke tallan nono, da tsohon da ke rini a Ƙofar Mata, da almajirin da ya tsaya yana jiran ragowa, da matan da ke wanki a bakin rafi, dukansu mutane ne masu mutunci. Wa ya ba ka izinin ɗaukarsu ka watsa wa duniya, har ka rubuta abin dariya a ƙasa? Da wani baƙo zai tsaya a ƙofar gidanku ya ɗauki mahaifiyarka tana shara ya sa a Instagram, me za ka yi masa? Addinin da ya hana mu shiga gidan wani sai da sallama da izini, kuma ya hana mu bin diddigin sirrin mutane, bai bar ƙofa a buɗe ga kamara ba. Saɓanin malamai a kan hukuncin hoto sananne ne, amma ko waɗanda suka halatta shi ba su halatta tozarta Musulmi da shi ba. Sai kuma abin da muke bari a baya: ledoji, da robobin lemo, da ƙasusuwa, a wurin da dabbobin mutane ke shan ruwa. An koya mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani, an kuma tsoratar da mu game da ƙazantar da inuwa da hanya da mashayar jama'a. Amma da yake sharar ba ta shiga hoto, sai muka ɗauka ba ta shiga littafin ayyuka.

Abu na biyar, wanda ya fi kowanne girma, shi ne sallah. Shari'a ta yi wa matafiyi sauƙi: wanda tafiyarsa ta kai kimanin kilomita 80, kamar daga Kano zuwa Zariya ko Daura, yana da damar yin ƙasaru, akwai kuma sauƙin haɗa salloli biyu a kan sharuɗɗansa. Sai dai ku lura da wani abu mai zurfi a fiƙihun Malikiyya: malamanmu sun bambanta tafiyar halal da tafiyar saɓo da tafiyar wargi tsantsa, suka hana mai tafiyar saɓo ƙasaru, suka karhanta shi ga mai wargi. Wato tun kafin mota ta tashi, niyya ta riga ta yanke wa tafiyar hukunci. To ina ga ayarin da azahar ta wuce shi ana cin abinci, la'asar kuma ta faɗo daidai lokacin da rana ta yi sanyi, hasken hoto ya yi kyau, sai aka ce a bari sai an koma gida? An tuna da caja da na'urar kiɗa, an manta da buta da tabarma. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wa aka naɗa amiri.

Na ƙarshe shi ne rai. A 2018 wasu likitoci a Indiya suka wallafa binciken da ya ƙirga mutum 259 da suka mutu a duniya wajen ɗaukar kansu hoto tsakanin 2011 da 2017. Mafi yawansu maza ne matasa, kuma nutsewa a ruwa ce ta fi kashe su. Duwatsun Gurara suna da santsi, madatsar ruwa tana da zurfin da ido ba ya gani, kuma akwai dazuzzukan da hanyoyinsu suka yi fama da masu garkuwa da mutane. Wanda bai iya iyo ba, me ya kai shi tsakiyar kwalekwale yana tsaye da waya a hannu? Aya ta 195 ta Suratul Baƙara ta hana mu jefa kanmu cikin halaka. Uwar da ta ba ka izinin fita da safe, kai take jira da dare, ba hotonka ba.

Na san wani zai ce: Malam, hutu muka je, ba wa'azi ba. Na yarda, zuciya tana buƙatar hutu, kuma Annabi (SAW) ya yi raha da sahabbansa, har tsere ya yi da Nana A'isha (RA) a cikin tafiya. Amma ku gaya mini gaskiya, wanda ya yini yana gyara tsayuwa, ya kwana yana ƙirga waɗanda suka yaba hotonsa, ya huta? Wani kuma zai ce tarihi muke ajiyewa. Madalla. Tarihin me, in an tambaye ka labarin wurin ba ka da jumla uku?

Shawarata ita ce a mayar da sunna wurinta. Kafin a tashi, a naɗa mutum mai hankali amiri. Shi zai tabbatar kowa ya sanar da iyayensa, ya binciki lafiyar hanya, ya yanke kuɗin karo-karo daidai ƙarfin mafi rauni a cikinku, ya kuma tsara fitar yadda ba za a cakuɗa maza da mata a keta iyakar shari'a ba. A ɗora wa wani ya karanto tarihin wurin ya ba da shi a mota. In an isa, a yi sallama ga mutanen gari, a saya a hannunsu, a nemi izini kafin a ɗauki kowa. A ware sa'a guda da wayoyi za su koma aljihu, a zauna a kalli ikon Allah. In lokacin sallah ya yi, amiri ya tsayar da komai. In za a tafi, a kwashe shara har da wadda aka tarar. Bayan haka a ɗauki hoto, a yi dariya, a ci a sha, babu laifi. Waya baiwa ce mai amfani matuƙar tana bayan ayari.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya sa mu fita lafiya mu dawo lafiya, Ya sa idanunmu da ƙafafunmu su yi mana shaidar alheri ranar da za a tambaye su. Allah Shi ne Mafi sani.