Mu Auna Fushin Kogin Wudil

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan kasuwar shanu ta watse, na tsaya bisa gadar Wudil ina kallon kogi. Daga sama ruwan kwance yake lumui, amma kusa da inda tifofi ke lodin yashi na hangi wani karan dawa yana juyawa wuri guda har ya nutse. Wani dattijo mai fito ya dube ni ya ce, "Malam, bara babu gurbin nan."

Maganar ta tsaya mini a rai. Masunta da masu fito sun gaji karatun ruwa kaka da kakanni, sai dai kogin ya canja hali. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, yawan ruwan da ke isowa Wudil ya dogara har da abin da aka sako daga can. Haƙar yashi kuwa tana barin ramuka a ƙarƙashi, inda ruwa ke murɗawa ya ja yaro ko ya kifar da kwalekwale.

Wannan murɗawa ana iya auna ta. Masana suna duba yadda gudun ruwa ke hawa da sauka cikin daƙiƙa guda a wuri ɗaya. Gwargwadon tsallensa, gwargwadon haɗarin wurin. Na'urar da aka saba da ita tana aika sauti cikin ruwa ta saurari amsarsa daga ƙwayoyin laka, amma kuɗinta miliyoyin naira ne. Yau akwai hanya mai araha: a kafa wayar hannu bisa gada ta ɗauki bidiyo, manhaja ta bi kumfa da tarkace ta lissafa gudun saman ruwa da juyinsa. Ƙaramar farfela da allon Arduino cikin bututun roba kuma za su ba da labarin gudun ƙasa.

Ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a garin nan, ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Me zai hana ɗalibai su haɗa waɗannan kayan, Sarkin Ruwa ya nuna musu wuraren da yake zargi, a auna kowane wata, a kafa jar tuta inda ya kamata?

Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Kada mu jira sai an tsamo gawa kafin mu san inda gurbi yake.