Kafin Bazara Ta Kama Lagireto

Mu da muka shiga fijo 504 ta haya, irin wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna, mun san direban wancan zamani ba ya murza makulli da safe sai ya ɗaga bonet. Fasinja na ƙorafin rana tana yi, shi ko a jikinsa. Da hunturu ya ja jiki wajen ƙarshen Fabrairu, zai ware wa motar yini guda. A fesa ruwa ta bayan lagireto har ƙurar da ta toshe ramukansa ta fita. Ya matsa tiyo da yatsu, in ya ji ya yi laushi ko ya ga zanen tsagewa a wuyansa, a cire shi, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ya danna fambel da babban yatsa. Yaron mota kuwa ya san jarkar ruwa ba ta barin but.

Yau ga mu da motocin Beljiyam, fankarsu ta lantarki ce, ga farar roba mai layi biyu da ke nuna ruwa ba sai an buɗe komai ba. Duk da wannan sauƙi, sai allura ta hau ja a cunkoson Kano muke tunawa. Muna kunna AC a zafin Afrilu, lokacin da Sakkwato da Maiduguri ke haura digiri 40, alhali na'urarta a gaban lagireto take, iskar da za ta sanyaya inji ta riga ta ɗauki zafi.

Abin da muka fi mantawa shi ne murfi. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai lafiyayyar roba yakan riƙe matsi har ruwan ya kai kusan 120 bai tafasa ba. Idan robar ta mutu, mota za ta riƙa shan ruwa, mai ita yana neman yoyo a ƙasa bai gani ba. Kuɗin murfin bai taka kara ya karya ba, gasket kuwa in zafi ya ƙone shi sai an sauke kan inji.

Ba duk abin da magabatanmu suka yi ne abin koyi ba, Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Ruwan rijiya da suke ɗurawa yana barin ƙanzo da tsatsa a ciki, shi ya sa koren ruwan kulan ya fi. Haka al'adar da wasu makanikai suka gada ta cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne. Ni dai ban yarda ba: in ya lalace a sa sabo, inji yana da zafin da yake so ya yi aiki a kai.

Idan kuma mota ta riga ta tafasa a hanya, a gangara gefe, a kashe, a ɗaga bonet, a nemi inuwa. Kada a taɓa murfin sai tiyon sama ya huce har hannu ya iya riƙe shi.