Motar Sulke ta Kara: Ma'auni ne Ya Rage wa Yaran Jega

Da zarar an gama girbin dawa a Fagada da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Jega da Aliero da Maiyama, kara kan zama dukiyar yara. Sukan feƙe ɓawonsa su yi ƙusoshi da shi, su yanka ɓargonsa su haɗa gangar jikin mota, sannan su yanko tayoyi daga tsohon silifa. Wasu kan yi ta langa-langa ko ta gwangwanin madara. Yaro kuwa abin da ya gani yake kwaikwayo. A da, manyan motocin da ke lodin albasar Aliero su ne abin koyinsa. A yau, da matsalar tsaro ta sa motocin soja yawan zirga-zirga a hanyoyin Kebbi, ba abin mamaki ba ne a gan shi yana jan motar kara mai bindiga girke a bayanta.

Iyaye da malamai da dama ba sa son ganin haka, kuma suna da hujja. A yankin da ya ɗanɗana ta'asar 'yan bindiga, babu uban da zai so ɗansa ya tashi da sha'awar makami. Sai dai tsawatarwa ba ta goge abin da ido ya riga ya gani. Wanda ya dubi irin wannan mota da kyau zai tarar cewa bindigar tsinke guda ce kawai, alhali sauran aikin duk na injiniya ne: yadda gatari zai riƙe taya, da yadda sitiyari zai juya, da yadda jiki zai zauna ba tare da ya karkace ba.

Abin da ya raba wannan wasa da ƙera ƙananan samfurori, kamar yadda ake yi a wasu ƙasashe, shi ne ma'auni. Kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa ma'aunin 1:35 a motocin yaƙi, wato kowace santimita ɗaya a samfuri tana wakiltar santimita 35 a motar gaske. Bisa wannan lissafi, motar sulke mai tsawon mita 7 za ta dawo santimita 20, tayar da faɗinta ya kai santimita 105 kuma ta dawo santimita 3. Maƙerin samfuri ba ya cewa ya gama sai ya auna kowace ƙofa da fitila, ya yi fenti, har ya zana ƙurar da hanya ke bari a jikin mota. Yaron karkara yana da ido da hannun yin duk wannan. Abin da ba a ba shi ba shi ne rula, da darasin kashi-kashi da zai ga amfaninsa a aikace.

Nijeriya ba ta rasa inda za ta kai irin wannan basira ba. Tun 1964 aka kafa hukumar ƙera kayan tsaro ta DICON a Kaduna. A 2012 injiniyoyin soja sun fito da motar sulke mai suna Igirigi, a 2019 kuma aka ƙaddamar da Ezugwu, wadda aka tsara domin jure nakiya. Babu ɗayansu da aka fara yanka mata ƙarfe kafin a zana ta bisa ma'auni.

Saboda haka nauyi yana kan jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa a 2006, da makarantun da ke kewaye da ita. Ɗaliban injiniya za su iya shiga firamare da sakandare su koyar da zane da awo ta hanyar motar kara. Ana iya shirya gasa bayan kaka, inda maki zai dogara ga daidaiton ma'auni, a kuma buɗe ta ga taraktar noma da motar asibiti da motar lodin albasa, yadda motar soja za ta zama ɗaya daga cikinsu kawai. Kuɗin da wannan ke bukata bai taka kara ya karya ba, domin kayan aikin suna zube a gona.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka ƙwace wa motarsa zai sake yin wata a ɓoye, bindigar ce kuma za ta ci gaba da burge shi. Wanda aka miƙa wa rula aka ce ya auna tayarsa, hankalinsa zai koma kan lissafi.