Wa Zai Shaidi Abin da Na'ura Ta Sauya?

A watan Yuli na 2025, wani ɗan kasuwar Amurka mai suna Jason Lemkin ya bayyana wa duniya abin da ya same shi yayin da yake gina manhaja da taimakon wakilin ƙirƙirarriyar basira na kamfanin Replit. Ya umarci wakilin da kada ya taɓa komai sai da izini, amma wakilin ya goge rumbun bayanai mai ɗauke da sunayen shugabannin kamfanoni fiye da 1,200. Da aka tuhume shi, sai ya ce babu hanyar dawo da abin da ya ɓata. Lemkin ya gwada da kansa, bayanan kuwa suka dawo. Shugaban kamfanin, Amjad Masad, ya fito ya ba da haƙuri, ya kuma sanar da raba rumbun gwaji da rumbun ainihi.

Darasin wannan lamari ya shafi kowane gida da ke da ɗa ko 'ya mai koyon rubuta manhaja, musamman yanzu da shirin 3MTT, wanda gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2023, ke jan matasa zuwa wannan sana'a. Wakilin ya yi ɓarna, sannan bayanin da ya bayar a kan ɓarnar ma bai inganta ba. Ashe ba a dogara da bakin mai aiki kaɗai wajen sanin abin da ya aikata. Lalle ne a sami rubutacciyar shaida wadda ba daga bakinsa ta fito ba.

Da farko, mene ne wannan wakili? A 2021, lokacin da GitHub Copilot ya fito, aikinsa shi ne ya ba da shawarar layi ko 'yan layuka, mutum ya karɓa ko ya ƙi. Wakilan yau, irin su Claude Code da Cursor, sun wuce nan. Ana gaya musu buƙata da magana, su buɗe fayil-fayil, su goge, su ƙara, su gudanar da umarni a kwamfuta, duk cikin 'yan mintoci. Idon ɗan Adam ba zai iya bin wannan sauri ba. Shi ya sa kayan adana tarihin sauyi suka zama wajibi.

Tushen waɗannan kaya shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 domin kula da aikin Linux. Duk lokacin da aka adana sauyi, Git kan rubuta wanda ya yi shi, da lokacin, da dalilin da ya bayar, da layukan da aka cire da waɗanda aka ƙara. Kowace ajiya tana da lamba ta musamman da aka lissafo daga abin da ke cikinta da kuma lambar wadda ta gabace ta. Saboda haka, wanda ya yi wa ajiyar baya coge, lambobin duk waɗanda suka biyo ta za su canza, asirinsa ya tonu.

A kan wannan tushe aka gina sababbin kayan. Manhajar Aider kan adana kowane gyara da wakili ya yi a cikin Git nan take, tare da taƙaitaccen bayani. Claude Code da Cursor kuwa suna kafa abin da za mu kira zango: kafin wakili ya taɓa fayil, sai a ajiye yadda yake, ta yadda in aiki ya karkace za a koma zangon baya. Wannan ci gaba ne abin yabo.

Sai dai akwai iyakoki biyu da ya kamata ɗalibi ya sani. Na farko, zango fayil yake dawowa da shi. Ba ya dawo da saƙon da aka riga aka aika, ko kuɗin da aka riga aka tura, kuma ba lalle ne ya ceto abin da wakili ya goge ta hanyar umarni kai tsaye ba. Na biyu, bayanin da ke tare da ajiya sau da yawa wakilin ne ya rubuta shi, alhali mun ga bakinsa na iya kuskure. Hujja ita ce layukan da suka sauya. Gani ya kori ji.

Wasu za su ce karanta kowane sauyi yana cinye saurin da aka nemi wakilin dominsa. Gaskiya ne yana cin lokaci. Amma wanda ya ba ka kwangilar manhajar asibiti, ko ta makaranta, ko ta lissafin shago, kai ya sani, kai ya biya, kuma kai zai nema ranar da sunan majiyyaci ko bashin abokin ciniki ya ɓace. Masu aikin Linux sun fahimci haka tun 2004, inda suka wajabta wa duk mai kawo gyara ya sa sunansa a ƙarƙashinsa, yana shaida cewa yana da haƙƙin bayar da shi. Na'ura ba ta ɗaukar alhaki. Amana tana wuyan wanda ya sa hannu.

Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu da su koyi Git kafin su saki wakili a cikin aikinsu. Su adana aiki kafin kowane zama, su ware wa wakili reshen gwaji, kada su ba shi mabuɗin rumbun ainihi, su sa shi ya riƙa yin gyara kaɗan-kaɗan yadda za su iya karantawa. Malamai kuma su tambayi ɗalibi tarihin aikinsa, su ce ya bayyana dalilin kowane sauyi. Iyaye da masu ba da kwangila, ko ba su san kan kwamfuta ba, suna da ikon yin tambaya guda: ka karanta abin da ka miƙa?

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya sa mu dace.